Dala 75 a kan tafiyar mil 50: nawa ya kamata in caza?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Houston, jihar Texas ta Amurka. Bara na samu lasisin notari, wato mai shaida cewa wane shi ne ya sa hannu a takarda da kansa kuma da yardarsa, daga nan na yi kwas na zama wakiliyar sa hannu a takardun bashin gida. Ana turo mini takardun ta imel, in buga, in kai wa mai karɓar bashin har gidansa, in duba katin shaidarsa, in nuna masa wuraren sa hannu, in buga hatimi, in mayar. Damuwata kuɗin aikin. Saƙo zai shigo waya an rubuta dala 75, wani lokaci ma 60, wurin kuma ga nisa. In na tsaya tunani wani ya riga ni, in na ce a ƙara sai in ji shiru. Maigidana ya ce mota kawai nake kashewa. Wata ƙawata kuma ta ce doka ta yanke dala 10, in na karɓi abin da ya wuce haka za a iya ƙwace lasisina. Ni dai ba na so in cuci kowa, ba na kuma so a cuce ni. Yaya zan yanka farashi na adalci?

Daga wata 'yar uwa a Houston

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Bari in fara da maganar ƙawarki, tunda ita ce mai hana barci. Rabin gaskiya ta faɗa miki.

Kuɗi iri biyu ne a cikin aikin nan, mutane kuma na yawan cakuɗa su. Na farko kuɗin hatimi, wato ladan shaidar da kika yi a kan sa hannu. Shi wannan doka ta sa masa iyaka, kuma tunda jiha ce ke ba notari lasisi ba gwamnatin tarayya ba, kowace jiha da tata iyakar. A Texas dala 10 ne a kan sa hannun farko, sai dala 1 a kan kowane ƙarin sa hannu a takardar. Kafin Satumbar 2023 ma dala 6 ne. Kalifoniya dala 15, Fulorida 10, New York kuwa har yau dala 2. Alaska da Iowa da Kansas ba su yanka komai ba. Idan kika wuce iyakar jiharki a kan hatimi, to lallai kin taka doka.

Na biyu shi ne ladan duk abin da ba hatimi ba: buga takardu, tuƙi, zaman awa guda a teburin baƙo, duba shafi-shafi, kai fakiti ofishin FedEx ko UPS. Wannan ciniki ne tsakaninki da kamfanin da ya ɗauke ki. Akwai jihohi irin su Nevada da suka sa doka har a kan kuɗin tafiya, don haka mai karatu da ke wata jiha ya duba tasa. Ke dai abin da nake so ki riƙa yi shi ne ki raba su a rubuce: a takardar neman biya, ga kuɗin hatimi a layinsa, ga ladan aiki a nasa. Da kin yi haka maganar ƙawarki ta ƙare.

Maigidanki kuwa, da alama shi ya fi kusa da gaskiya, amma mu bar lissafi ya yi hukunci.

Ni aikina cika wa masu zaman kansu takardun haraji ne, ina kuma da nawa hatimin a aljihun tebur. Abin da na fi gani a wurin masu irin sana'arki shi ne suna ƙirga awa ɗayan da suka zauna da mai bashi, su manta da sauran. Dala 75 a awa guda, wa zai ƙi? Amma aikin ba a bakin ƙofar mutum ya fara ba. Ya fara ne tun lokacin da kika buɗe imel.

Ɗauki wancan aikin na dala 75, a ce wurin mil 25 ne daga gidanki. Zuwa da dawowa mil 50. Hukumar haraji ta IRS tana fitar da ƙiyasin abin da mil guda ke ci wa mai mota duk shekara: santi 67 a 2024, santi 70 a 2025. Ba kuɗin fetur kaɗai ke ciki ba, har da taya da mai da inshora da tsufan motar kanta, wanda ba kya jinsa yau sai ranar da makanike ya kira ki. Mil 50 sau santi 70, dala 35 ke nan sun tafi. Ban sa kuɗin titin biya ba, kin kuma san Houston da su.

Sai bugawa. Fakitin sabunta bashin gida, wato karɓar sabon bashi a biya tsohon da shi, yakan kai shafi 100 zuwa 150, wani ya wuce, kuma sau biyu za ki buga: ɗaya na sa hannu, ɗaya na barin wa mai bashi. A ce shafi 300 gaba ɗaya. Wasu shafukan gajeru ne, wasu dogaye, shi ya sa kowa ke ƙarewa da sayen firinta mai aljihu biyu, don wanda ya matse dogon shafi a gajeriyar takarda ya san ana iya dawo masa da fakitin. Ki lissafa naki da kanki: kuɗin kwalin takarda raba da yawan shafinsa, kuɗin tona, wato tawadar firinta, raba da shafin da take bugawa. Ni zan ɗauka santi 5 ne a shafi don mu yi misali. Dala 15. Yanzu 50 ta fita daga 75, saura 25.

To ita 25 ɗin ta awa nawa ce? Saukewa da bugawa da jera takardu da kiran mai bashi a tabbatar da lokaci, minti 45. Tuƙi zuwa da dawowa da yamma a cunkoson Houston, ba na jin zai gaza awa biyu. Zaman sa hannu awa ɗaya, in ba a samu mai karanta kowane layi ba, kuma haƙƙinsa ne ya karanta. Sake dubawa da yin sikanin, wato ɗaukar hoton takardun, a tura wa kamfanin kafin fakitin ya isa, rabin awa. Kai fakitin, wani kwata. Awa huɗu da rabi. Raba 25 da wannan: dala biyar da rabi da 'yan kai a awa. Mafi ƙarancin albashi na tarayya, wanda Texas ke bi, dala 7.25 ne tun 2009. Wato ke mai lasisi da inshora da hatimi, kin yi aiki a ƙasa da abin da doka ta ce a biya ɗan sabon shiga a kanti. Kuma ba a cire haraji ba tukuna.

Na san amsar da ake bayarwa: da babu gara ba daɗi. Gaskiya ne a ranar da aikin ke bar miki wani abu. Aikin da zai cinye yammacinki duka, ya hana ki karɓar wani na kusa da ya shigo bayan kin hau titi, wannan ya fi babu muni.

Kada ki ɗauka wani ne ya tsane ki. Yadda kuɗin ke gangarowa ne. Banki ya ba da bashi, kamfanin tantance mallakar gida ya haɗa takardu, shi kuma sau da yawa sai ya miƙa wa kamfanin dillanci ya nemo masa notari. Dillali zai cire nasa, ya watsa sauran ga duk notarin da ke yankin ta manhaja irin su Snapdocs, wanda ya fara dannawa ya samu. Wani lokaci za ki ga asalin kuɗin da idonki. A cikin fakitin akwai takarda mai shafi biyar da ake kira Closing Disclosure, wadda aka fara amfani da ita a Oktoban 2015, a shafinta na biyu ake jera kuɗaɗen da mai bashi zai biya, kuma a wasu za ki tarar da layin kuɗin notari. Ki gani, ki yi shiru, ba maganar da za ki yi da mai bashi ba ce. Amma ki san cewa abin da aka turo miki a waya ba shi ne duka ba, kuma yawanci akwai sarari a sama da shi.

Ga kuma kasuwa. A Janairun 2021 ruwan bashin gida na shekara 30 ya sauka zuwa kashi 2.65 cikin ɗari a lissafin kamfanin bashin gida na Freddie Mac. Kowa ya ruga sabunta bashinsa, aiki ya yi wa notari yawa, masu sayar da kwas a YouTube suka cika wa jama'a kunne, aka yi ta shigowa. Zuwa Oktoban 2023 ruwan ya kai kashi 7.79. Wanda ke riƙe da bashi mai ruwan kashi 3 me zai kai shi sabuntawa? Aiki ya ragu, masu hatimi ba su ragu ba. Kin shigo ne a wannan yanayi, shi ya sa kike ganin 60.

Abin da za ki yi shi ne ki san lambarki tun kafin waya ta yi ƙara. Mai tsayawa lissafi bayan saƙo ya shigo, kullum ko a riga shi ko ya danna da tsoro. Ki zauna rana guda da biro. Ki fara da abin da kike so awarki ta kawo bayan an cire komai. A ce dala 25. Ki haɗa kuɗaɗen shekara waɗanda ko kin yi aiki ko ba ki yi ba sai kin biya: inshorar kuskure, binciken tarihinki da kamfanoni ke nema duk shekara, rabon shekara na takardar lamunin dala 10,000 da Texas ta wajabta, hatimi, littafin rajista, waya, intanet. Ki lura, ita takardar lamunin jama'a take karewa ba ke ba. In aka biya wani daga cikinta, ke za a bi ki mayar. Inshorar kuskure ce taki. In duka sun kama dala 1,000 kuma kina sa ran aiki 200 a shekara, kowane aiki ya ɗauki dala 5.

Yanzu gwada aikin kusa, mil 8 daga gida. Mota dala 11 da 'yan santi, bugawa 15, rabon shekara 5, awa uku a kan 25 ya ba da 75. Jimla ta haura 105. Ga ƙasan farashinki na cikakken fakiti a cikin unguwa. Wancan na mil 25 kuwa ya kusa 170 da wannan lissafi, kuma da wuya dillali ya biya haka. To ba naki ba ne. Na notarin da ke zaune kusa da can ne, ki bar masa. Ki zana wa kanki da'ira a taswira, ciki farashi kaza, kowane mil 10 a waje ƙarin kaza, ki liƙa a bangon da firinta take.

Ba kuma kowace 75 ce abin ƙi ba. Takardun mai sayar da gida ba su da yawa, sau da dama minti ashirin an gama. In kusa ne, ki karɓa da hannu biyu. Fakitin mai saye ya fi nauyi. Bashin da tsofaffi ke karɓa a kan gidan da suka riga suka mallaka, wanda sai mai shekara 62 zuwa sama, shi ne mai cin lokaci, ga yawan shafi ga tafiya a hankali, kuma bai kamata a gaggauta dattijo ba, don haka ki caza daidai da zaman. Akwai kuma wani abu na Texas kaɗai da sababbi ke faɗawa ciki: bashin da mutum ke ciro kuɗi daga darajar gidan da yake zaune, tsarin mulkin jihar ya ce sai a ofishin mai ba da bashi, ko na lauya, ko na kamfanin tantance mallaka za a sa hannu, ba a falon mutum ba. In sai kin yi hayar ɗaki a ofishin lauya, kuɗin ɗakin ya hau kan farashi, kuma a faɗa tun farko.

Shirun da kike ji in kin nemi ƙari, kada ya dame ki. Ki amsa gajere, ba roƙo ba dogon bayani: zan iya a kan 115, da sikanin. Shi ke nan. Mai raba aikin yana da jerin sunaye, zai gwada masu araha tukuna. In lokaci ya matso bai samu ba, ko wurin ba mai son zuwa, ko ƙarshen wata ne aiki ya taru, sai ki ga ya dawo. Wasu ba za su dawo ba, kuma lissafinki ya riga ya nuna miki ba ki yi asarar komai ba. Kafin ki ce to, ki tambayi abu uku: shafi nawa, akwai sikanin ko babu, mutum nawa za su sa hannu.

Sai abin da ba a so a yi magana a kai sai ya faru. Kin buga shafi 300, kin tuƙa, kin isa, mai bashi ya ga adadin da bai yi tsammani ba ya ce ba zai sa hannu ba. Ko an soke aikin kina kan hanya. Nawa za a ba ki? Ki nemi amsar a rubuce kafin aikinki na farko da kowane kamfani. Da yawa suna da kuɗin bugawa daban da kuɗin zuwa daban. Ra'ayina shi ne in kin je kin zauna, an buɗe takardu, cikakken kuɗi ya kamata, domin ladanki bai kamata ya rataya a kan ko bashin ya tabbata ba. Notarin da sai an sa hannu zai ci abinci, wata rana zai matsa wa mutum ya sa hannu, alhali duk amfanin hatiminsa shi ne ba ya bayan kowa. Ki kuma tambayi yaushe ake biya. Kwana 30 abu ne da aka saba, wasu kan kai 45 ko fiye. Kamfanin da ya riƙe miki kuɗin aiki biyu, kada ki yi masa na uku.

Tunda kin ce ba kya so ki cuci kowa, ga inda cutar takan fito daga ɓangarenmu. In kin amsa a kan farashi, kin amsa. Ba a isa ƙofar mutum sannan a kira kamfani a ce sai an ƙara, sai fa in abin da aka gaya miki ya sha bamban da abin da kika tarar. Ba a karɓar ko sisi daga hannun mai bashi a kan aikin da kamfani ya turo. Kuma mai neman dala 115 sai ya yi aikin dala 115. Misali guda: a sabunta bashin gidan da mutum ke zaune, yawanci dokar tarayya takan ba shi ranakun aiki uku ya fasa in ya ga dama. Asabar tana cikin ƙirga, Lahadi da ranakun hutun tarayya ba sa ciki, kuma kowane mai haƙƙin fasawa kwafi biyu na takardar ake ba shi. Kwanan wata guda ya karkace a wannan shafi, sai an sake komawa, kuɗin mutane ya makale. Kamfanoni na gane wanda fakitinsa ke dawowa ba gyara, kuma shi suke kira kai tsaye ba tare da dillali ba, inda kuɗin ya fi tsoka. Can ya kamata ki dosa: ki shiga ofisoshin tantance mallaka na kusa da ke da katinki. Amma ban da cin hanci da sunan kyauta; dokar RESPA ta 1974 ta hana ba da wani abu don a turo maka aikin rufe cinikin gida.

Haraji a taƙaice. Babu mai cire miki komai, don haka ki ware wani kaso daga kowane biya, ki tura wa IRS sau huɗu: tsakiyar Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu. Ban da harajin kuɗin shiga, mai zaman kansa na biyan kashi 15.3 cikin ɗari na Social Security da Medicare, wato asusun fansho da na lafiyar tsofaffi na gwamnati. A nan ne raba kuɗin da na ce miki zai yi rana, domin kuɗin hatimi an ɗauke masa wannan kashi 15.3, sauran ladan kuwa ba a ɗauke ba. Littafin rajistarki shi ne hujja. Sai dai ki yi tunani kafin ki yi murna: abin da ba a cire masa wannan haraji ba, ba ya shiga lissafin fanshonki, kuma sai mutum ya tara maki 40, kusan aikin shekara goma, kafin ya cancanta. Wanda ya zo ƙasar nan da girmansa ya riƙa kallon wannan. Mil ɗinki kuma ki rubuta su kullum, da kwanan wata da inda aka je.

TAMBAYA

Malam, mu notari ne kusan ashirin a wani zauren WhatsApp a Ohio. Mun gaji da farashin wulaƙanci, muna so mu yi alkawari babu wanda zai ƙara karɓar aiki ƙasa da dala 100. Ya ka gani?

Daga wani ɗan uwa a Columbus

AMSA

Ɗan uwa, na fahimci zafin, amma ku janye. Ku ba ma'aikatan kamfani ɗaya ba ne da za ku kafa ƙungiyar ƙwadago. A idon doka kowannenku ɗan kasuwa ne mai gasa da ɗan uwansa. Masu gasa su haɗa baki a kan farashi laifi ne a ƙarƙashin dokar Sherman ta 1890, ko da farashin da suka yanka na adalci ne, ko da kuma ƙanana ne. Ga shi za ku bar shaida a rubuce a waya ashirin. Abin da ya halatta shi ne ku koya wa juna lissafi: nawa mil ke ci, nawa shafi ke ci, wane kamfani ke biya a kan lokaci. Ka tura musu lissafin da na yi wa 'yar uwarmu ta Houston, kowa ya sa nasa mil da nasa kuɗin tona, ya fitar da lambarsa shi kaɗai, kuma kada ya sanar da ita a zauren.